Tarke a Kan Lissafin Kwanan Wata a Kwamfuta: Daga Matsalar Shekarar 2000 Zuwa ta 2038

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tarken yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, take lissafin kwanan wata, da kuma irin hujjojin da ake kawowa a duk lokacin da lissafin nan ya kuskure. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne wasu ra'ayoyi guda biyu da muka sha ji a bakin ɗalibai, har ma da wasu abokan aikinmu malamai. Ra'ayi na farko yana cewa matsalar shekarar 2000, wadda aka tayar wa duniya hankali a kanta, tatsuniya ce da 'yan kasuwa suka ƙaga domin su sayar da sababbin na'urori. Na biyu kuwa ya yarda cewa an yi matsalar, amma yana ɗora laifin a kan ƙarancin ma'ajiyar na'urorin dā, saboda haka, a ganin masu wannan ra'ayi, tun da na'urorin yanzu suna da yalwa, magana ta ƙare. Mu dai a namu ganin, duka ra'ayoyin biyu ba su tsaya da ƙafafunsu ba, kuma za mu yi ƙoƙarin kawo dalili. Za mu fara da ita kanta kalandar, sa'an nan mu dubi abin da ya faru a 2000 da irin gyaran da aka yi, mu waiwayi abin da ke tafe a 2038, daga ƙarshe mu taɓo inda al'amarin ya shafe mu kai tsaye.

2.0 Kalandar Kanta

Kafin a zargi na'ura, ya kamata a san abin da aka ɗora mata. Duniya tana kewaya rana ne cikin kwana 365 da kusan awa shida, watau kimanin kwana 365.2422. Tun da ba a iya rataya guntun yini a bango, tilas kowace kalanda ta nemi dabarar da za ta yi da wannan rara. Kalandar da Yuliyus Kaisar ya kafa a Rum ta ɗauki rarar a matsayin rubu'in yini cif, ta ƙara kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu. Ita wannan shekara mai kwana 366 za mu riƙa kiranta doguwar shekara a cikin takardar nan. To, amma rubu'in yini ya zarce ainihin rarar da kimanin minti 11, wanda kan taru ya zama kwana guda cikin kimanin shekara 128. Da kuskuren ya yi yawa, sai Paparoma Giregori na 13 ya yi gyara a 1582: aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Jumma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, inda ta tsallake kwana 11, daga 2 ga Satumba zuwa 14 ga Satumba. Rasha kuwa sai 1918, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu.

Ƙa'idar da gyaran Giregori ya bari hawa uku ce. Shekarar da ta rabu da 4 doguwa ce. In ta rabu da 100, ba doguwa ba ce. In kuma ta rabu da 400, ta koma doguwa. Da wannan ƙa'ida matsakaicin tsawon shekara ya zama kwana 365.2425, kuma sai an shafe shekaru dubbai kafin kuskuren ya kai kwana guda. Abin lura a nan shi ne, kalanda yarjejeniya ce ta 'yan Adam, mai togaciya da tarihi, kuma ba a karɓe ta lokaci guda a ko'ina ba. Duk wanda ya tsara manhaja yana zaton kwanan wata jerin lambobi ne masu tafiya sumul, ya fara gini a kan rairayi.

Misali ɗaya ya isa ya nuna haka. Manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, wadda ta yi tashe a shekarun 1980, ta ɗauki 1900 a matsayin doguwar shekara, alhali kuwa 1900 ta rabu da 100 ba ta rabu da 400 ba. Da kamfanin Microsoft ya fito da Excel, sai ya riƙe kuskuren da gangan domin takardun da aka shirya da Lotus su buɗe ba tare da kwanakinsu sun goce ba. Saboda haka Excel ya amince da 29 ga Fabrairu, 1900, ranar da ba a taɓa yin ta ba a kalandar Giregori. A nan babu maganar ƙarancin ma'ajiya. An san kuskuren, an kuma zaɓi a zauna da shi.

3.0 Shekara Mai Lamba Biyu

A shekarun 1950 da 1960 ana shigar wa kwamfuta bayani ne ta hanyar kati mai huji, wanda yake da gurbi 80 kacal, ma'ajiya kuma tana da tsadar gaske. Masu tsara manhaja suka ga cewa tun da kowace shekara da 19 take farawa, babu amfanin maimaita ta. Sai 1965 ta zama 65. Muddin ana cikin ƙarni guda lissafi yana tafiya daidai: wanda aka haifa a 65, a shekarar 99 yana da 34. Amma da zarar 99 ta juya ta zama 00, sai na'ura ta ɗebe 65 daga sifili, ta ce shekarun mutumin 65 ƙasa da sifili, ko kuma ta ɗauka an koma 1900. Haka abin zai shafi lissafin bashi, da fansho, da ranar lalacewar magani, da duk wani jeri da aka tsara bisa kwanan wata.

Al'amarin ya yi kama da jan carbi. Duk mai ja ya san in ya kai ƙarshe zai dawo farko, shi ya sa yake da 'yan ƙirga a gefe masu tuna masa zagaye nawa ya yi. Masu tsara manhaja sun ba na'ura carbi mai ƙwaya ɗari, suka hana ta 'yan ƙirgan gefe.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Bob Bemer, ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni a Amurka, ya yi rubutu a kan haɗarin tun a shekarun 1970, amma ba a saurare shi ba. Sai a 1993, da Peter de Jager ya buga wata maƙala a mujallar Computerworld, hankalin masu kamfanoni ya fara dawowa. Watau an yi fiye da shekara ashirin ana sane da ramin, ana kuma ci gaba da tafiya wajensa, domin kowane shugaban ma'aikata yana ganin kafin ranar ta zo shi ya bar kujerar.

3.1 Shin Tatsuniya Ce?

Mu da muke yara a lokacin muna iya tuna irin jita-jitar da ta yaɗu, cewa jirage za su faɗo, bankuna za su manta da kuɗin mutane. Gari ya waye ranar 1 ga Janairu, 2000, ba a ga ko ɗaya ba. Daga nan ne ra'ayi na farko ya samo ƙarfinsa. Mun yarda cewa an yi zuzutawa, kuma akwai waɗanda suka ci kasuwa da tsoron jama'a. Amma hujjar tana da rauni ta fuska biyu.

Fuska ta farko, rashin aukuwar bala'i bayan an yi rigakafi ba ya nuna cewa dā ma babu cutar. Ma'aikatar ciniki ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙasar ta kashe kimanin dala biliyan 100 wajen gyara, kuma ƙiyasin da aka fi ambata na duniya baki ɗaya ya kai wajen dala biliyan 300. An shafe shekaru ana bin tsofaffin manhajoji layi-layi, har da kiran waɗanda suka yi ritaya domin su ne suka san harshen COBOL da aka rubuta da yawa daga cikinsu. Mutumin da ya yi wa rufin ɗakinsa yaɓe kafin damina, ruwa ya zo bai zuba ba, ba a ce masa ya yi asarar ƙasa.

Fuska ta biyu, inda gyaran bai kai ba an ga sakamako. Amurka ta sami tangarɗa a tashar ƙasa da ke karɓar bayanan wasu taurarin leƙen asirinta a daren juyawar shekarar. Shafin intanet na cibiyar da ke kula da agogon sojan ruwan ƙasar ya nuna shekarar a matsayin 19100. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne abin da ya faru a wani asibiti a birnin Sheffield na Ingila, inda na'ura ta kuskure shekarun mata masu juna biyu, aka ba mata 154 sakamakon gwaji wanda ba daidai ba game da lafiyar abin da ke cikinsu, kuma ba a gano ba sai bayan watanni. Irin wannan kuskure, wanda na'ura ba ta tsaya ba, ta ci gaba da ba da amsa cikin natsuwa, shi ne mafi haɗari, domin babu ƙarar da za ta farkar da kowa.

Akwai kuma wani darasi a ranar 29 ga Fabrairu, 2000. Wanda ya san hawa na farko kawai na ƙa'idar Giregori ya dace, domin 2000 ta rabu da 4. Wanda ya san hawa ukun ma ya dace. Wanda ya san biyu ya tsaya, shi ne ya ce 2000 ba doguwa ba ce, ya faɗa rami. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shi kuwa mai hawa ɗaya, sa'arsa za ta ƙare a 2100, wadda ta rabu da 4 amma ba doguwa ba ce.

3.2 Irin Gyaran da Aka Yi

A nan ne tarkenmu ya fi nauyi, kuma a kan masu gyaran yake. Hanyar da ta dace ita ce a faɗaɗa gurbin shekara ya zama lamba huɗu. Amma wannan yana bukatar a sake fasalin dukan bayanan da aka tara, ga tsada ga cin lokaci. Sai da yawa suka bi gajeriyar hanya: aka bar lamba biyun, aka gaya wa na'ura cewa daga 00 zuwa 19, alal misali, ta ɗauke su a ƙarni na 21, daga 20 zuwa 99 kuwa a ƙarni na 20. Wannan ɗage ranar shari'a ne, bashin yana nan. Da aka shiga 2020 sai aka ji labarin na'urori a wurare daban-daban da suka ɗauka an koma 1920. A ranar 1 ga Janairun shekarar nan ne kuma na'urorin biyan kuɗin ajiye mota na birnin Niyu Yok suka daina karɓar katin banki saboda wani wa'adin kwanan wata da aka dasa a cikinsu ba a sabunta ba, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

4.0 Hujjar Ƙarancin Ma'ajiya

In da ƙarancin ma'ajiya ne kaɗai sanadi, da matsalar ta mutu tare da kati mai huji. Tarihin shekarun da suka biyo bayan 2000 ya nuna akasin haka. Ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraren waƙa na Zune masu ma'ajiyar gigabait 30 suka sandare gaba ɗaya, domin manhajarsu ba ta san yadda za ta yi da kwana na 366 ba, ta shiga zagayen da ba shi da mafita. A farkon 2010 katunan banki kimanin miliyan 30 suka ƙi aiki a Jamus, saboda ƙwaƙwalwar da ke jikinsu ta kasa karanta sabuwar shekarar. Ranar 29 ga Fabrairu, 2012, hidimar Azure ta kamfanin Microsoft ta durƙushe na sa'o'i masu yawa, kuma dalilin abin mamaki ne: manhaja tana ba da takardar shaida mai wa'adin shekara guda ta hanyar ƙara ɗaya a kan shekara, sai ta fitar da 29 ga Fabrairu, 2013, ranar da babu ita. Ranar 1 ga Janairu, 2022, manhajar wasiƙu ta Exchange ta daina isar da saƙo a ma'aikatu da dama, domin an rubuta kwanan wata a matsayin lamba ɗaya, 2201010001, wadda ta zarce iyakar gurbin da aka tanada, watau 2,147,483,647. Ranar 29 ga Fabrairu, 2024 kuma, famfunan mai masu karɓar kati da kansu suka tsaya a gidajen mai da yawa a Niyu Zilan.

Duk waɗannan na'urori ne na zamanin yalwa. Abin da ya haɗa su da na dā shi ne ɗabi'ar mai tsarawa: ya gwada aikinsa a ranar da yake zaune, ya ga ya yi, ya wuce, bai tambayi kansa abin da zai faru a ƙarshen Fabrairu ko ƙarshen Disamba ba. Saboda haka ra'ayi na biyu ya kama reshe ya bar tushe.

Domin adalci, ya kamata mu ce ba kowane kuskure ne na sakaci ba. Juyawar duniya a kan kanta ba ta tafiya daidai da agogon atam, shi ya sa tun 1972 ake ƙara sakan guda lokaci-lokaci, har sau 27, na ƙarshe a ranar 31 ga Disamba, 2016. Ba a sanin ranar ƙarin sai 'yan watanni kafin ta zo, don haka babu ƙa'idar da za a dasa wa na'ura tun farko. Ƙarin da aka yi a 30 ga Yuni, 2012 ya rikita na'urori da dama masu aiki da Linux. A 2022 babban taron awo da ma'auni na duniya ya yanke shawarar a daina wannan ƙari nan da 2035. A wannan karon 'yan Adam ne suka sassauta yarjejeniyarsu domin na'ura ta huta.

5.0 Shekarar 2038

Tsarin Unix, wanda Linux da manhajoji masu ɗimbin yawa suka gaji hanyarsa, yana ƙirga lokaci ne da yawan sakan da suka wuce tun daga farkon 1 ga Janairu, 1970. A tsohon tsari ana ajiye wannan adadi a gurbi 32 na sifili-ko-ɗaya, ɗaya daga ciki kuma an ware shi domin nuna ko adadin yana sama da sifili ko ƙasa. Mafi girman abin da sauran 31 za su ɗauka shi ne 2,147,483,647. Za a kai wannan adadi ranar Talata 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3:14 da sakan 7 na dare agogon Girinwic, watau ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ce ana 13 ga Disamba, 1901.

Maganin sananne ne: a mayar da gurbin 64, wanda zai ɗauki kimanin shekara biliyan 292. Yawancin kwamfutoci da wayoyin da ake ƙerawa yanzu sun riga sun koma haka, kuma tun 2020 aka shigar da gyaran cikin zuciyar Linux domin na'urori masu gurbi 32. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan ƙwaƙwalen da aka dasa cikin injuna, da mitoci, da kayan asibiti, da na sadarwa, waɗanda akan kafa a manta da su shekara ashirin ko talatin. Mun ga alamar haka a tsarin GPS, wanda tsohon saƙonsa yake ƙirga mako a gurbi 10, watau mako 1,024, sa'an nan ya koma sifili. Ya juya a Agustan 1999, ya sake juyawa a Afrilun 2019, kuma a kowane karo an sami tsofaffin na'urorin da suka ruɗe. Ƙasashen da suka dogara ga kayan da aka yi amfani da su a wani wuri kafin a kawo, irin namu, su ne za su fi daɗewa riƙe da irin waɗannan na'urori. Haka nan kuma, duk lissafin da ke hangen gaba, kamar ranar ritayar ma'aikaci ko wa'adin bashin gida, yana iya tsallaka 2038 tun yau.

6.0 Inda Abin Ya Shafe Mu

Bayan wannan, akwai wasu wurare uku da lissafin na'ura yake karo da yadda al'ummarmu take ƙirga kwana.

Na farko shi ne kalandar Hijira. Shekararta kwana 354 ce ko 355, kuma kamawar wata a wurinmu tana bin gani ne, wanda a Nijeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi yake sanarwa. Na'ura ba ta ganin wata. Abin da take yi shi ne bin jadawali, ko dai na hisabi mai zagayen shekara 30, wanda 11 daga ciki suke da ƙarin kwana, jimla kwana 10,631, ko kuma na Ummul Ƙura da Saudiyya take amfani da shi. Shi ya sa kwanan watan da waya ta nuna yakan saɓa da na gari da kwana ɗaya, wani lokaci biyu, har ma Windows ya tanadi wurin da mutum zai ƙara ko ya rage da hannunsa. Haɗarin ga manazarta a fili yake. Wanda ya sami kwanan wata a ƙarshen wani rubutun ajami ko wasiƙar sarki, ya zuba a na'ura ta juya masa zuwa Miladiyya, ya rubuta amsar kamar yankan wuƙa, ya ba da tabbacin da ba shi da shi. In marubucin ya ambaci ranar mako, da ita ya kamata a daidaita. In kuma abin ya gabaci 1582, sai a faɗi ko da kalandar Yuliyus aka juya ko da ta Giregori.

Na biyu shi ne mafarin yini. A wurin na'ura yini yana farawa ne da ƙarfe 12 na dare. A wurin Bahaushe dare yana gaba da yininsa, shi ya sa daren Jumma'a yake nufin daren da zai waye Jumma'a. Jaririn da aka haifa bayan magariba ranar Alhamis, gida za su ce daren Jumma'a ya zo, rajistar na'ura kuwa ta ce Alhamis. Kowannensu yana da gaskiya bisa ƙa'idarsa, amma mai shigar da bayani in bai san da bambancin ba zai haifar da saɓani a takardu.

Na uku shi ne ranar haihuwa. Da yawa daga iyayenmu sun san shekarar haihuwarsu ne ta hanyar wani abin da ya faru, ba su riƙe rana da wata ba. Fom ɗin na'ura kuwa ba ya wucewa sai an cike kowane gurbi, don haka akawu yakan sa 1 ga Janairu. Mun taɓa duba rajistar ɗalibai a wata makaranta muka tarar da wannan rana ta maimaitu fiye da yadda hankali zai ɗauka. A nan na'urar ce ta ƙi amincewa da “ba a sani ba” a matsayin amsa, sai aka ba ta ƙarya ta adana a matsayin gaskiya, kuma da wannan ƙaryar za a lissafa ranar ritayar mutum.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙari a wannan takarda mu nuna cewa matsalar 2000 ta auku da gaske, an kuma rage kaifinta ne da aiki da kuɗi, sa'an nan wani sashe na gyaran ɗage matsalar ya yi zuwa gaba. Mun kuma nuna cewa kurakuran da suka biyo baya, daga 2008 zuwa 2024, sun rushe hujjar ƙarancin ma'ajiya. Bisa ga haka muna ba da shawara uku ga kwalejojin horon malamai. A koyar da ƙa'idar Giregori da hawanta uku, tare da tarihinta, a darasin lissafi da na kwamfuta. A saba wa ɗalibai rubuta shekara da lamba huɗu, da bin tsarin shekara, wata, rana, wanda ƙa'idar ISO 8601 ta shimfiɗa tun 1988, domin 03/04 ranar 3 ga Afrilu ce a wurinmu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. A kuma horar da duk ɗalibin da ya tsara manhaja ya gwada ta da 29 ga Fabrairu, da 31 ga Disambar doguwar shekara, da 20 ga Janairu, 2038, kafin a ba shi maki. Ɗaliban da ke gabanmu a aji yanzu su ne za su kasance a bakin aiki a wannan asubar ta Talata. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman masana hisabi da tarihi, za su faɗaɗa bincike a kan sashe na shida, domin a nan ne ba mu da wanda zai yi mana aikin in ba mu yi da kanmu ba.